Masu gyaran gangan sun fi ƙurar hunturu kashe fiyano a Kano

Abin takaici ne a ce gari kamar Kano, ga situdiyo birjik a Titin Gidan Zoo, ga coci-cocin Sabon Gari, ga gidajen da ake saya wa yara su koyi kiɗa, amma mai gyaran fiyano na ƙwarai ya zama abin nema ruwa a jallo. Duk wanda ya mallaki sukundireba da dalma sai ya ce maka, "Kawo, Alhaji, ƙaramin aiki ne." Ka kai kaya masu tsada da ciwo ɗaya, ka karɓo su da uku, kuma sai ka biya.

Ɗauki fiyanon lantarki, wanda ya fi yawa a hannun mutane. Ciwonsa na kullum shi ne maɓalli ya yi shiru, ko ya riƙa tsawa ko da a hankali ka taɓa shi. A ƙarƙashin maɓallan akwai doguwar roba, kowane maɓalli da baƙaƙen ɗigo biyu na kabon da ke taɓa fanel, wato allon lantarkin da ke ciki, ɗaya bayan ɗaya. Tazarar da ke tsakanin taɓawar biyu ita ke gaya wa na'urar ƙarfin bugunka. Ƙura ta hau ɗigo ɗaya, lissafi ya rikice. Maganin bai wuce a kwance, a ɗaga robar, a goge ɗigon da fanel da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a mayar da ita yadda take fuskanta ba. To me waɗannan mutane suke yi? Su kankare da reza, ko su wanke da fetur! Reza ta kwashe kabon ɗin, fetur ya kumbura robar. Wani ma ba ya wahalar kwancewa, mai kawai yake fesawa ta tsakanin maɓallai, ƙurar Disamba ta zo ta tarar da wurin maƙalewa.

Sai adafta, inda aka fi yin kisan kai tsaye. Ƙananan Yamaha PSR-E da 12V suke aiki, manyan PSR-S da 16V, kuma an rubuta a jikin kowanne kusa da ramin wuta, har da zanen da ke nuna cewa tsakiyar fulogin ita ce mai alamar tarawa. Amma mutum zai miƙo maka cajar laftof mai 19V ya ce ai bakin ya shiga. Shigar baki ce ma'auni? Ga wutarmu da ba ta da tabbas, ga janareta. Wanda bai sa sitabilaiza ba, kuma bai zare fulogi kafin a canza layi ba, fanel ɗinsa na kan siraɗi.

Fiyanon katako kuwa, nan ne zuciya ke ƙuna. Maɓallai 88, tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen tan 18 zuwa 20. Kowace tsirkiya tana naɗe a ƙusar ɗauri, ƙusar kuma matsin katako ne kaɗai ke riƙe ta. Katakon yana son danshin iska kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Kano da hunturu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, a Agusta ya haura 70. Katako ya kumbura da damina, maɓallai su cije, murya ta hau. Ya tsuke da rani, murya ta sauka, wani lokaci allon sautin, wato faifan katakon da ke ƙara wa tsirkiyoyin amo, ya tsage. Shi ya sa ake saita shi sau biyu a shekara, makonni kaɗan bayan yanayi ya zauna, a kan ma'aunin 440, wato sautin A na tsakiya ya girgiza sau 440 a daƙiƙa. In ya daɗe ba a saita ba, sai an ja shi zagaye biyu, domin tsirkiyoyin farko suna saki yayin da ake jan na ƙarshe.

Ɗan gangan bai san ko ɗaya ba. Zai zo da filaya, ya kama kan ƙusar mai kusurwa huɗu ya murje shi, mabuɗin saiti na gaskiya, wanda ake juya ƙusar da shi, ba zai sake kamawa ba. Ya ga tsatsa, sai ya ɗiga baƙin mai. Wallahi wannan zalunci ne: mai ya ratsa katakon nan, ƙusa ta daina riƙe sauti, sai dai babban aiki mai cin kuɗi.

Mai gida ma da nasa. A raba fiyano da taga, da bangon da rana ke duka, da iskar na'urar sanyaya ɗaki. A rufe shi da zane mai kauri, a riƙa leƙa ƙasansa saboda gara da ɓera, don ɓera ulun hamomin da ke bugun tsirkiyoyi yake ci. Kada a tura bokitin ruwa ciki, tsatsa yake jawowa.

Kafin ka bar kowa ya taɓa maka, ka ce ya nuna mabuɗin saiti ko mitar gwada wuta, ya faɗi abin da ya lalace da bakinsa, ya kwance a gabanka, ya ba ka duk abin da ya cire. In ya fara kame-kame, ɗauki kayanka ka fita.