Injiniyan ɗakin ƙirar nano ba ɗan aike ba ne

Kun dai ji maganganun da aka yi ta yi bayan ɗakin ƙirar nano na jami'a, inda ake ƙera ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani, ya yi wa sababbin injiniyoyinsa maraba. Wai mene ne abin shela don an ɗauki masu gyaran inji, tunda ba farfesoshi ba ne? Maganar nan ta ɓata mini rai ƙwarai. Rashin sani ya fi dare duhu. Injiniyoyin nan su ne ke riƙe da ɗakin, in babu su kuwa gini ne kawai cike da na'urori masu tsada da ba wanda zai iya kunna su lafiya.

Ku duba irin aikin tukuna. Nanomita ɗaya fa mita ce aka raba gida biliyan ɗaya, kaurin silin gashin mutum ma yakan kai nanomita 80,000. A wannan mataki, ƙwayar ƙura guda ta sauka a kan faifan silikon, wato siririn faifan da ake yin ƙirar a kansa, ta isa ta lalata aikin makonni. Shi ya sa a ɗaki mai matakin tsafta na ISO 5 ba a yarda ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikron (nanomita 500) zuwa sama su wuce 3,520 a kowace kubik mita ta iska ba, alhali a ɗakin zama na yau da kullum ana maganar miliyan 35. Wa ke duba matatun iskar? Wa ke lura da zafi da laima da ƙarfin iskar da ke ture ƙura waje? Wa ke hana mutum shiga da fensir ko takardar da ba ta ɗakin ba? Injiniya ne.

Sai maganar rai, wadda ta fi damuna. Ana aiki da asid ɗin hydrofluoric da ake kira HF, wanda zai iya taɓa fata mutum bai ji zafi nan take ba, alhali yana ratsawa ciki yana janye kalsiyam daga jiki. Akwai iskar gas ɗin silen da ke kama wuta da kanta da zarar ta haɗu da iska. Ɗalibin da ya shigo jiya bai san wannan ba. Injiniya ne zai tsaya a kansa ya koya masa, ya tabbata maganin shafawa na HF yana wurinsa bai lalace ba, ya gwada ƙararrawar gas. Wannan mutumin ake ce wa mai gyaran inji?

Na san za a ce ai farfesa ne ke kawo kuɗin bincike. To, ya kawo. Kuɗi sun sayi na'ura, wa zai sa ta yi aiki shekara da shekaru? Za a ce kamfanin da ya sayar da ita zai turo ma'aikacinsa. Kafin ya iso ɗalibai nawa ne aikinsu ya tsaya cik? Ɗalibi yakan gama digirinsa ya tafi, injiniya ne ke zama, shi ya san halin kowace na'ura, shi ya san cewa in aka saka faifan da ya taɓa zinariya a murhun silikon an gurɓata murhun ga kowa da kowa.

Ku kuma sababbin injiniyoyi, barkanku da zuwa, Allah ya ba ku sa'a. Roƙona ga shugabannin ɗakin shi ne kada marabar ta tsaya a hoto da sanarwa. A haɗa kowannensu da tsohon hannu na watanni, a buɗe musu littattafan tarihin na'urori, a kuma ba su ikon dakatar da duk wanda ya karya doka, ko da farfesa ne.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Injiniya zai yi watanni yana daidaita hanyar sassaƙa faifai har ta fito daidai, a wallafa sakamakon, sai ka tarar da sunansa can ƙasa a layin godiya, wani lokaci ma babu shi sam. In hanyar da ya ƙirƙiro ce ta haifar da sakamakon, a sa sunansa cikin marubuta.