Laifin kokwamba mai lanƙwasa: an bar jaki ana dukan taiki

A shekarar 1988 hukumar zartarwa ta ƙungiyar ƙasashen Turai, wadda daga baya ta zama Tarayyar Turai, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 1677/88 a kan kokwamba. Ta ce duk wadda za a saka a aji na musamman ko aji na ɗaya, lanƙwasarta kada ta wuce milimita 10 a kowace santimita 10 ta tsawonta. Ta aji na biyu an yi mata rangwame zuwa milimita 20. Shekara shida bayan nan aka bi da ta ayaba, mai lamba 2257/94: tsawo kada ya gaza santimita 14, kauri kada ya gaza milimita 27, kuma kada ta yi lanƙwasar da ta fita daga al'ada. Jaridun Birtaniya sun shafe shekaru suna yi wa waɗannan dokoki ba'a, har aka ɗauko su a yaƙin neman ƙuri'ar ficewar ƙasar daga Tarayyar a 2016.

Ni ina ganin masu ba'ar ba su fahimci aikin da dokar ke yi ba, masu kare ta kuma sun kawar da kai daga ɓarnar da ta taimaka aka yi.

Mu fara da dalilinta. Ɗan kasuwa a Jamus yana sayen kokwamba daga manomi a Sifaniya ta waya, bai ga kayan ba sai mota ta iso. Idan aka ce masa kwali ɗari na aji na ɗaya, ya san guda nawa ne a kowane kwali, ya san kwali nawa mota za ta ɗauka, ya san abin da zai biya. Miƙaƙƙiyar kokwamba tana kwanciya a jere. Lanƙwasasshiya tana barin gurbi, kwali ya ɗauki ƙasa da ƙima, a hanya kuma su riƙa gugar juna suna ƙujewa. Ajin ya zama yaren da mai saye da mai sayarwa suke ji, kuma shi ne hujjar da ake kawowa idan rigima ta tashi. Dokar ma ba ta haramta lanƙwasasshiyar kokwamba ba. Ko wadda ta wuce wancan ma'auni ta yarda a sayar da ita a aji na biyu, muddin ba ta da wani aibu kuma an zuba ta a kwalinta daban.

Duk da haka surutu ya yi yawa. A watan Nuwamba na 2008, lokacin Mariann Fischer Boel tana kwamishiniyar noma, aka yanke shawarar soke ƙa'idojin kayan lambu da na marmari iri 26, ciki har da kokwamba, karas, albasa, tafarnuwa, kabeji da kankana. Sokewar ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2009. Ƙasashe 16 cikin 27 sun ƙi amincewa, amma adadinsu bai kai wanda zai hana ba. An bar ƙa'idojin iri goma, waɗanda su ne kusan kashi 75 cikin ɗari na darajar cinikin, ciki har da tuffa, lemo, inabi, latas, tattasai da tumatir. Har yanzu lemon zaƙi da faɗinsa bai kai milimita 53 ba ba ya shiga aji, tumatir kuma an kasa shi lamba-lamba, daga ƙasa da milimita 20 har zuwa sama da 102.

To bayan an soke, sai kantuna suka cika da karas mai ƙafa biyu? Ko kaɗan. A nan gizo ke saƙar. Manyan kantuna suna da nasu sharuɗɗan da suke rubutawa a kwangilar da suke ba manoma, kuma sau da yawa sun fi na gwamnati tsauri. Shekara ashirin na jera kaya iri ɗaya ta riga ta koya wa idon mai saye cewa miƙaƙƙe shi ne mai kyau, hannu ba ya zuwa kan karkatacce. Manomi ne ke kwana ciki: ya biya kuɗin iri da taki da ruwa da ƙwadago a kan duk abin da gona ta bayar, amma a biya shi kuɗin wanda ya tsallake ma'auni kaɗai. Sauran ya tafi masana'antar matse ruwa a wulaƙantaccen farashi, ko a ba dabbobi, ko a mayar da shi ƙasa da garma. A 2014 kamfanin manyan kantuna na Intermarché da ke Faransa ya fito da tallar kayan da ya kira munana, yana sayar da su da ragin kashi 30 cikin ɗari, mutane suka saya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake haɗa muni da lalacewa a kwando ɗaya, alhali duk mai aikin lambu ya san bambancinsu. Kokwamba tana lanƙwashewa idan ban-ruwa bai daidaita ba, ko barbarar fure ba ta cika ba, ko ta tokari ganye ko ƙasa tana ƙarama. Karas yana rabewa biyu idan saiwarsa ta ci karo da tsakuwa, ko an zuba ɗanyen takin dabbobi, ko tsutsar saiwa ta taɓa shi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke rage masa daɗi ko amfani a jiki. Tumatirin da ya tsage kuwa daban ne. Yakan tsage ne idan ƙasa ta bushe sannan aka kwarara mata ruwa a tashi ɗaya, ciki ya kumbura fata ta kasa ɗauka. Ta wannan tsagar ruɓa take shiga, ruwansa ya zuba a kan na ƙasa da shi, kafin kwana biyu ya ɓata maƙwabtansa. Wannan kam hukuma tana da hurumin ta ce a ware shi. Siffa kuwa a rubuta ta a jikin kwali, a bar mai saye da aljihunsa.

Mu a nan, kishiyar matsalar ce ke damunmu. Tumatirin Kadawa da ke tafiya kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, ana zuba shi a kwando babba da ƙarami, nunanne da ɗanye, a jera manya a sama don su yi wa kwandon fuska. Dillali ya san da haka, don haka yake karya farashi tun kafin a zazzage, wanda ya yi gaskiya da wanda ya yi algus kuɗinsu ɗaya. Haka buhun albasar Aliero ko ta Galmi: sai an kwance baki ake sanin abin da ke ciki. Da ƙungiyoyin kasuwa za su amince da aji uku, a tantance tun a bakin gona, a cire tsagagge da ƙujajje, a raba nunanne da wanda ya fara ja, a zuba a kwandon roba mai cin kilo 25 wanda ake ɗora wani kan wani ba tare da nauyin ya sauka kan tumatirin ba, da manomi ya samu bakin magana a kan farashi. Ƙaramin da karkataccen kuma suna da kasuwarsu: masu abincin sayarwa, masu markaɗe, masu shanya kauɗa. Abin da ba ma bukata shi ne wata hukuma ta kwafo ma'aunin Turai ta ce wanda bai kai ba kada a sayar.

In ma ƙofar Turai muke hange, ba siffa ce ta rufe mana ita ba. A 2015 Tarayyar ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya, kuma ta yi ta tsawaita dakatarwar, saboda maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka riƙa samu a cikinsa fiye da ƙima. Shi ne sinadarin da ke cikin fiya-fiyar da wasu ke yayyafa wa wake a rumbu don gudun ƙwaro. Waken da aka mayar mana ƙwayarsa lafiya lau take a ido, kuma irinsa ne ake auna mana a mudu.