Yarinyar da ba a zana wa baki ba

Jiya da la'asar na tsaya wajen wani matashi a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, cikin masu zana kan aski da kaji a allunan shaguna. Bayan ƙyaure ya jingine wani zane da ba na sayarwa ba. Yarinya ce da farantin gyaɗa a ka, ƙafa ɗaya da takalmin lakwal, ɗayar babu komai. Idanunta manya, amma babu baki. Na ce, ƙanena, fenti ne ya ƙare? Ya ce a'a yaya, ai ranar da aka cire ta daga aji ba wanda ya tambaye ta.

Har na iso gida zanen nan bai sake ni ba.

Mu da muka tashi a unguwar Bagalam, in Gulbi ya ja da baya sai mu kwaso laka mu gina shanu masu ƙaho da tozo, mu yi mota da karan dawa. Yayata kuwa, 'yar tsanarta ma sai ta sa ƙaya ta yi mata tsagar Gobirawa irin ta kakarmu ta Tibiri, don kowa ya san 'yar gidan wa ce. Abin da ido ya gani shi hannu ke yi.

To yanzu ku duba hannun yaran da suka zo daga ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa, da waɗanda suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara tun 2019. Wani ɗan maƙwabcinmu, shekararsa bakwai, kullum babur yake zanawa a ƙasa, mutum uku a kai, kowa da bindiga. Kawunsa ya share da ƙafa, ya ce a daina kiran masifa. Wallahi ban ga laifinsa ba, tsoro ne. Amma yaron nan bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a daren da suka gudo ba, a ƙasa kawai yake faɗa, mu kuma muna sharewa.

Na san wasu za su kawo maganar zanen mai rai. Wannan na bar wa malamai. Roƙona ga iyaye da mushe-mushe, wato malaman makaranta, shi ne, kafin ku goge, ku tsuguna ku ce, ɗana, wane ne wannan?

Na nemi matashin ya sayar mini, ya ce ƙanwarsa ce, ba ya sayarwa. Juma'a zan koma da ɗiyata ta gani.