"Ni ban iya ba": maganar da ya kamata ta hana masu tsara manhaja barci

Shekara bakwai ke nan ina aikin tsara fuskar manhajojin waya da shafukan intanet, wato abin da mutum yake gani kuma yake dannawa idan ya buɗe manhaja, amma har yau idan na faɗi sana'ata a cikin jama'a, abin da ake ɗauka shi ne ni mai zaɓen launi ne da yi wa shafi kwalliya. Wannan bai taɓa ɓata mini rai ba, domin launi da fasali suna cikin aikin. Abin da yake damuna shi ne yadda mu masu sana'ar muka fara yarda da hakan, muna zana manhajoji masu sheƙi a Figma, manhajar da muke zane da ita, muna ɗora hotunansu a intanet muna yaba wa juna, alhali mutanen da aka yi manhajar dominsu suna can suna miƙa wa yara wayoyinsu suna cewa, "Zo ka yi mini, ni ban iya ba." A ganina, sau da yawa wannan maganar hukunci ce a kan aikinmu, kuma mun bar wanda aka zalunta yana ɗaukar laifin a kansa.

A farkon shekarar 2023, lokacin da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, ina zaune a ɗakin gwaggona, wadda take sayar da atamfa da leshi a cikin gida, sai ta ce za ta tura wa wanda take saro kaya a wurinsa a Kantin Kwari naira 45,000. Ta ɗauko tabarau, ta shigar da lambar asusun mai alƙaluma goma tana karantawa a fili, ta sa lambar sirri, ta danna. Sai wata 'yar da'ira ta kama juyawa a tsakiyar allon wayar, babu ko kalma ɗaya da take bayyana abin da ake ciki. Can bayan kusan minti ɗaya saƙo ya fito da Turanci yana cewa an samu matsala, a sake gwadawa, madannin turawa kuma yana nan kore shar kamar ba a taɓa shi ba. Ta yi abin da aka ce ta yi, ta sake turawa. Kafin sallar magariba alat biyu suka shigo, naira 90,000 sun fita daga asusunta. Allah ya sa mutumin mai amana ne, ya dawo mata da rarar bayan kwana biyu. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta yi a daren, tana juya wayar a hannunta: "Ai laifina ne, ɗan nan, mu da ba mu yi boko ba, me ya kai mu taɓa irin waɗannan abubuwa?"

Na ce, "Gwaggo, wallahi ba laifinki ba ne." Ba lallashinta nake yi ba. Wannan mata ta fi shekara talatin tana kasuwanci, tana riƙe da lissafin bashin mata da yawa a kanta ba tare da littafi ba, kuma tana karanta Alƙur'ani da ajami ba gargada. Abin da ya faru shi ne wani mai irin sana'ata ya zana shafin da mutum zai gani idan komai ya tafi daidai, ya manta da shafin da zai gani idan sabis ya yanke a tsakiya, alhali a ƙasar nan yankewar sabis abin yau da kullum ne. Gyaran ba shi da wuya: a kulle madannin da zarar an danna shi sau ɗaya, sannan a faɗa wa mutum ɗaya daga cikin abubuwa uku da kalmomin da zai gane, ko dai kuɗin sun tafi, ko ba su tafi ba, ko kuwa ana kan dubawa, kada ya sake turawa. Tun a shekarar 1994 wani masanin wannan fanni mai suna Jakob Nielsen ya jera ƙa'idoji goma na tsara fuskar manhaja, ta farkonsu kuwa ita ce kada a bar mutum cikin duhu game da halin da na'ura take ciki. Kowane ɗalibin wannan fanni ya haddace ta, amma haddacewa daban, tuna gwaggo a lokacin da ake zane daban.

Tushen matsalar, a nawa hangen, shi ne nisan da ke tsakanin inda ake zana manhaja da inda ake amfani da ita. Mu muna zane a kan babban allon kwamfuta, a cikin ofis mai sanyi da intanet mai sauri, ita kuwa manhajar za ta ƙare ne a kan wayar Tecno ko Itel mai tsagaggen gilashi, a hannun mutumin da yake tsaye cikin rana tsaka, wanda ya rage hasken allon saboda kwana biyu ba a kawo wuta ba kuma cajinsa ya kusa ƙarewa. Siririn rubutun nan mai ruwan toka a kan farin shafi, wanda muke gani a matsayin wayewa, ɓacewa yake yi gaba ɗaya a wannan yanayin. Ƙa'idojin da W3C, hukumar da take tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza kashi 4.5 a kan 1, Google kuma ya ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza awo 48 na ma'aunin allon waya a kowane gefe, Apple ya ce 44. Duk wanda ya taɓa ganin magini ko maƙeri yana ƙoƙarin danna ɗan mitsitsin madanni da babban yatsansa, yana danna na kusa da shi, ya san dalilin waɗannan alƙaluma. Haka kuma ba banza ba ne mutanenmu suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, da lambobin banki masu farawa da tauraro waɗanda ko ƙaramar waya mai madannai tana yi: danna ɗaya don kaza, danna biyu don kaza, ba hoto mai cin data, ba abin da aka ɓoye.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne wajen cike fom. Mutum sunansa Mu'azu, ko Sa'adatu, ko Asma'u, ko Rabi'u, ya rubuta sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, sai gurbin ya yi ja, a ce masa sunan bai inganta ba, saboda wanda ya tsara fom ɗin bai yarda da hamza a cikin suna ba. Dole mutum ya cire ta domin ya wuce, daga nan sunansa ya zama iri biyu, a wannan takarda da hamza, a waccan babu, ranar da za a haɗa bayanan kuwa sai a ce sunayen ba su dace ba, ya shiga zirga-zirga tsakanin ofisoshi, wani lokaci har da rantsuwa a kotu. Layi ɗaya ne a cikin tsarin da wani ya rubuta cikin minti biyar, amma yana iya cin makwannin bayin Allah. Haka batun gurbin sunan iyali, wanda aka ɗauko daga al'adar da ba tamu ba, domin mu sunan mutum ne, sai na mahaifinsa, wani lokaci a ƙara da na gari ko unguwa, shi ya sa za ka ga mutum ɗaya ya jera sunayensa ta hanya uku a wurare uku. Ga gurbin adireshi da yake tilasta lambar gida da lambar gidan waya, ga mutumin da kwatancen gidansa shi ne bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, kuma duk garin an san wurin.

Masu cewa a fassara manhaja zuwa Hausa shi ke nan an gama, ina tare da su rabin hanya. Fassara tana da amfani, amma ita ma aikin tsari ce. Jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, don haka madannin da aka auna da gajeriyar kalmar Turanci zai yanke ta Hausa a tsakiya. Sannan akwai baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ wadda 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, waɗanda salon rubutu da yawa ba su da su, sai su fito a karkace ko a matsayin ɗan akwati fanko. Wasu kan kauce wa wannan ta hanyar cire lanƙwasar, su manta cewa "ƙara" ba "kara" ba ce, "baƙi" kuma ba "baki" ba ne. Akwai salon rubutu na kyauta irin su Noto da suke ɗauke da su duka, saboda haka babu uzuri. Alamomi ma ba kowa suke yi wa magana ba: layuka ukun nan da ake ɓoye jerin zaɓi a ƙarƙashinsu sun samo asali ne daga kwamfutar Xerox Star ta 1981, kuma ga wanda ba a taɓa nuna masa ba, layuka uku ne kawai.

Na san mai tsari ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba, akwai mai kamfani da yake gaggawa, akwai masu rubuta lambobin manhajar da suke cewa lokaci ya ƙure, kuma ni ma na faɗa cikin kuskuren da nake magana a kai. Na taɓa tsara manhajar riƙe lissafi ta 'yan kasuwa, na gamsu da ita ƙwarai, sai na kai ta kasuwa in gwada da mutum biyar, domin Nielsen ɗin nan ya nuna tun a shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tona maka mafi yawan matsalolin tsarinka. Na miƙa wa wani dattijo mai shagon yadi, na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a gwada rubuta wanda ya karɓi kaya bai biya ba." Ya daɗe yana jan allon sama da ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Yaro, ina wurin masu bashi?" Na sa shi a ƙarƙashin layuka ukun nan, kuma na kira shi "ma'amaloli", kalmar da babu wanda yake faɗa a kasuwa. Mutum huɗu cikin biyar a nan suka tsaya. Mun dawo da shi shafin farko, muka rubuta "Masu bashi" da manyan baƙaƙe, kuma da na koma bayan mako biyu, Alhaji ya same shi kafin in gama zama a kan benci. Gani ya kori ji, kuma wannan gwajin bai ci mini komai ba sai kuɗin adaidaita sahu da yini guda.

Gwaggo kuwa tun daga wancan daren ba ta sake buɗe manhajar bankinta ba. Na sha zama da ita in nuna mata, ta kan saurara har ƙarshe, ta yi mini addu'a, sannan ta ce a bar shi kawai. Duk lokacin da za ta biya kuɗin kaya, jikanta take aika wurin mai POS na bakin titi da katinta da lambar sirrinta a rubuce a 'yar takarda, ana cire mata ladan aiki a kowace tura.