Dillali Ɗaya Tsakanin Mai Saye da Mai Sayarwa: Sa Hannu Ba Ya Raba Amana Biyu

Mai gida ya zauna da dillalinsa ranar da za a sa gidan a kasuwa, ya gaya masa abin da bai gaya wa maƙwabtansa ba: bashi ne ya taso shi gaba, wa'adin biya ƙarshen wata ne, saboda haka ko an rage kashi goma cikin ɗari na kuɗin da ya yanka zai sallama. Bayan kwana uku wasu ma'aurata suka zo duba gidan. Matar ta daɗe tsaye a bakin tagar ɗakin girki tana kallon tsakar gida, mijin kuma ya ja dillalin gefe, ya rage murya, ya ce gidan ya kwanta musu, in ta kama zai iya ƙara wani abu a kan kuɗin da aka sa, amma a taimaka masa a fara da tayi mai sauƙi. Dillalin ya ce kada ya damu, shi ma zai tsaya masa.

Daga wannan lokaci mutum ɗaya ne yake riƙe da sirrin da kowane ɓangare zai so ya ji na ɗan'uwansa. Ya san ƙasan da mai gida zai sauka, ya san saman da mai saye zai hau, tazarar da ke tsakani kuwa ita ce ainihin abin da ake ciniki a kai. Idan ya raɗa wa mai saye cewa mai gida a matse yake, ya ci amanar mai gida. Idan ya shaida wa mai gida cewa waɗannan mutane za su ƙara, ya ci amanar mai saye. Idan ya kame bakinsa, to kowannensu yana biyan la'ada ga mutumin da ya san amsar tambayarsa kuma ya ƙi faɗa. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wannan ya shafi dillali mai gaskiya kamar yadda ya shafi maras gaskiya, domin matsalar tana cikin tsarin aikin tun kafin a zo kan halin mai yin sa.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu da baki yake haɗawa da suna ɗaya. Akwai mai haɗa ciniki, wanda aikinsa ya kai saƙo, ya buɗe ƙofa, ya tara takardu, ba tare da ya yi wa kowa alkawarin goyon baya ba. Akwai kuma wakili, wanda dokokin ƙasashe da dama suka ɗora wa nauyin biyayya ga wanda ya wakilta shi, da rufe sirrinsa, da sanar da shi duk abin da zai amfane shi, da fifita maslaharsa a kan tasa. Malaman fiƙihu na mazhabar Hanafiyya sun daɗe da hango wannan, shi ya sa suka hana mutum ɗaya ya ƙulla cinikin saye da sayarwa a madadin ɓangarorin biyu, da hujjar cewa zai zama shi ne mai neman ƙari kuma shi ne mai neman ragi, shi ne mai miƙawa kuma shi ne mai karɓa. Ɓarnar da ake gani a cinikin gidaje tana farawa ne daga inda mutum ya karɓi ladan wakili daga hannu biyu alhali abin da zai iya yi bai wuce aikin mai haɗa ciniki ba.

Lissafin la'adar ya isa ya nuna inda zuciya za ta karkata. A Amurka an daɗe ana biyan kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kuɗin gida, a raba tsakanin dillalin mai sayarwa da na mai saye. A ɗauka la'adar kashi 6 ce, aka kuma sami tayi biyu. Na farko ya zo ta hannun wani dillali daban, ya cika kuɗin gidan ɗari bisa ɗari, rabon dillalin mai gida a nan 3 ne. Na biyu ya zo daga mai sayen da shi kansa ya kawo, ya tsaya a 95, amma tunda ba wanda za a raba da shi, dillalin zai tashi da 5.7. Mai gida ya yi asarar kusan 5, dillalinsa ya kusa ninka abin da zai samu. Ba sai ya yi ƙarya ba kafin cinikin ya faɗa inda yake so. Ya isa ya jinkirta amsa kiran wancan dillali da yini ɗaya, ko ya ce wa mai gida, cikin murya ta mai ba da shawara, cewa mai tayin farko kamar bai gama haɗa kuɗinsa ba.

Ko da dillali yana wakiltar ɓangare ɗaya ma, son a gama da wuri yana rinjayar son a sayar da tsada. Masana tattalin arziki Steven Levitt da Chad Syverson sun bi cinikin gidaje kusan 100,000 a jihar Illinois ta Amurka, suka wallafa sakamakon a 2008: idan gidan na dillalin ne da kansa, yakan bar shi a kasuwa kimanin kwana 9 da rabi fiye da gidajen da yake sayar wa wasu, ya kuma sayar da shi da ƙarin kusan kashi 3.7 cikin ɗari. Wato wa kansa yana iya haƙuri, wa mai gida kuma yana cewa a sallama kada kasuwa ta juya. To ina ga an cire ɗaya dillalin da zai tsaya a gabansa ya ja da shi?

Mai saye shi ne ya fi shiga haɗari ta fuskar aibin gida. Wakilinsa na gaskiya shi ne zai ɗaga kai ya ga cewa kusurwa ɗaya ta silin ta fi sauran haske, ya tambayi dalilin da ya sa aka yi wa wurin sabon fenti, ya nace a kawo mai duba gini ya hau rufi kafin a biya kafin alƙalami. Wanda la'adarsa biyu ta rataya a kan kammala cinikin ba ya da dalilin ɗaga kai. Kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta fuskanci irin wannan a 2016, a shari'ar wani gida a Malibu da aka saya kan sama da dala miliyan 12. Takardar talla ta ce faɗin wurin zama ya kai ƙafa murabba'i 15,000, alhali takardun izinin gini sun nuna ƙasa da 10,000. Mai saye da mai sayarwa kowa da jami'insa, amma duka jami'an biyu na kamfani ɗaya ne. Kotun ba ta yanke cewa an yi zamba ba, abin da ta yanke shi ne jami'in mai sayarwa yana ɗauke da nauyin amana ga mai saye shi ma, tunda kamfaninsu ya karɓi wakilcin ɓangarorin biyu. Hukuncin ya yi daidai a kan ƙa'ida, sai dai ya ƙara tona yadda abin yake da wuya: an ce wa mutum ya samo wa mai gida kuɗi mafi yawa, an kuma ce masa ya bincika ya faɗa wa mai saye abin da zai rage kuɗin.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ciniki yakan yi sauri idan saƙo bai bi ta hannu biyu ba, wani dillalin yakan rage la'ada tunda shi kaɗai zai ci, akwai kuma yankunan da dillali mai lasisi ɗaya ne tak a tafiyar yini guda. Na yarda da ta ƙarshe, lardin Biritish Kolombiya na Kanada ma ya yarda da ita: lokacin da ya haramta wakilcin ɓangare biyu a watan Yunin 2018, ya bar ƙofa ƙarama ga wurare masu nisa da ke fama da ƙarancin dillalai. Saurin ciniki kuwa, a tambayi wa ya amfana da shi. Ragin la'ada na kashi ɗaya ba ya rufe asarar kashi biyar a kuɗin gida.

Babbar hujjarsu ita ce yarda: an bayyana wa kowa, kowa ya sa hannu, to mene ne laifi? A nan nake ganin dokokin da suka tsaya a kan bayyanawa kawai sun yi sakaci. Takardar amincewa tana zuwa ne bayan mai saye ya riga ya ga gidan, ya zaɓa wa yara ɗakinsu a zuciyarsa, ya kuma riga ya faɗi iyakar ƙarfinsa. Ana miƙo ta cikin tarin wasu takardu, mai miƙo ta kuma shi ne wanda zai ci ribar sa hannun, shi ne kuma mai fassara ta. Mutumin da yake sayen gida sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa ba ya gane cewa abin da ya sarayar shi ne shawara, wato damar ya tambayi wani cewa nawa ya dace in taya, a ba shi amsa tsakani da Allah. Rikicewar ba sabuwa ba ce. Wani rahoto da hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta fitar a 1983 ya gano cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na masu saye sun ɗauka dillalin da yake yawo da su gida-gida nasu ne, alhali a dokar wancan lokaci mai sayarwa yake wa aiki.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Singafo ta hana dillali ɗaya wakiltar ɓangarorin biyu a ciniki ɗaya tun 2010, shekarar da ta kafa hukumar kula da dillalan gidaje. A Amurka, jihar Fulorida ta soke tsarin a 1997, Kolorado ta bi baya a 2003, dukansu suka ba da damar dillali ya tsaya a matsayin mai haɗa ciniki kawai, da wannan suna a fili. Jamus ba ta hana ba, amma tun Disambar 2020 dillalin da ya karɓi la'ada daga ɓangarorin biyu a cinikin gidan zama dole ya karɓi daidai wa daida daga kowanne. Wannan ya gyara rabon kuɗi, bai taɓa batun sirri ba. Wasu wuraren sun zaɓi kamfani ya ware jami'i ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai sayarwa. Ya fi babu, amma jami'an biyu suna ƙarƙashin shugaba ɗaya, la'adarsu tana shiga asusu ɗaya, kuma ban ga katangar da za ta hana magana tsallakawa daga wannan tebur zuwa wancan ba.

Batun ya ƙara zafi a Amurka bayan sulhun dala miliyan 418 da ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar ta yi a 2024 da waɗanda suka kai ta ƙara kan batun la'ada, wanda ya sa tun daga Agustan shekarar mai saye sai ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da dillalinsa, a fayyace ladansa, kafin a fara zagayawa da shi. Gyara ne mai kyau, amma mai sayen da ke ƙirga kuɗinsa zai iya ganin ya fi masa sauƙi ya kira lambar da ke jikin allon gidan kai tsaye, lambar nan kuwa ta dillalin mai sayarwa ce.

Ra'ayina shi ne hanyar Singafo da Biritish Kolombiya ta fi dacewa da cinikin gidajen zama, inda ɓangarorin ba ƙwararru ba ne. Manyan kamfanoni masu sayen rukunin shaguna suna da lauyoyi da masu ƙiyasta daraja, su ya shafa in sun yarda da dillali ɗaya. Ga sauran mutane, dillalin da ya karɓi amanar mai gida ya ci gaba da zama nasa har ƙarshe, idan mai saye ya zo masa kai tsaye ya gaya masa tun a bakin ƙofa, kafin a zagaya ɗakuna, cewa duk abin da ya faɗa zai isa kunnen mai gida. Wanda kuma yake so ya tsaya a tsakiya, ya tsaya tun daga ranar farko, kada ya saurari sirrin kowa, ya karɓi ladan da ya yi daidai da kai saƙo da haɗa takardu. Inda doka ba ta kai nan ba, mai saye ya nemi mai duba gini da lauya waɗanda shi ya zaɓa, shi zai biya, ba waɗanda dillalin ya ba shi lambarsu ba, kuma iyakar abin da zai iya biya ta tsaya tsakaninsa da iyalinsa.