Yarinyar da na kamo a ruwa

Duk wanda ke buga wasan bidiyon nan na Genshin Impact ya san Paimon, ƙaramar yarinyar nan mai farin gashi da ke shawagi a gefen kafaɗarka. Kamfanin miHoYo na birnin Shanghai ne ya fitar da wasan a watan Satumba na 2020, kuma tun daga lokacin ake rigima a kan ko tana tare da mu ko ɗan leƙen asiri aka haɗa mu da shi. Ni ina ɓangaren masu cewa munafuka ce, kuma ina da hujjoji.

Halittar da ta raba matafiyi, wato jarumin da kake buga wasan da shi, da 'yar'uwarsa ta tagwaye a farkon wasan farin gashi gare ta. Paimon ma haka. In ka tsayar da wasa ita ke fitowa, a wurinta kuma ake murɗa agogo a mai da dare rana. Sarakunan ƙasashen Teyvat, wato duniyar wasan, irin su Barbatos da Morax sunayen aljanu suke ɗauke da su daga wani tsohon littafin tsafi na Turawa, kuma sunan Paimon na cikin jerin. Sannan mun riga mun sha a hannun wani saurayi mai suna Childe a ƙasar Liyue ta cikin wasan: da murmushi ya zo, ya yi ta kashe mana kuɗi, ashe aikin Fatui, ƙungiyar abokan gāba, yake yi.

Wannan bayani nake yi wa abokina ta saƙon murya bayan isha'i, an ɗauke wuta, ina zaune gindin tagar Umma. Da ƙarfi kuwa, don ya ƙi yarda.

"Wallahi ka yi tunani! A ruwa na kamo ta da ƙugiya. Tun ranar take bi na duk inda na sa ƙafa. Ba ta taka ƙasa. In mutane suka yi min magana ita ke amsawa. Ba abin da take so sai kuɗi da abinci, kuma sunanta ma na aljanu ne!"

Hayaƙi ne ya tashe ni da asuba. Na buɗe ido na ga Umma tsaye da kasko, ta zuba habbatussauda da tazargade, Goggo na bayanta tana jan carbi, idonta ya yi ja.

"Umma, lafiya?"

"Yi shiru. Wane rafi ka je?"

Na fara cewa wasa ne. Goggo ta girgiza kai ta ce ai duka da wasa suke farawa.

Kafin hantsi Malam ya iso da wani matashin ɗalibinsa riƙe da jaka. Mutum ne mai natsuwa, tambayoyinsa ma a hankali yake yin su, ni kuma gaskiya kawai nake faɗa.

"Yaro, kana ganin ta da idonka?"

"Ina ganin ta, Malam, amma galibi da tsakar dare." Lokacin data ke arha nake nufi.

"Tana hana ka barci?"

"Sosai."

"Ta taɓa sa ka kashe kuɗi?"

Nan na yi shiru, domin Umma ba ta san inda kuɗin ɗinkin sallata ya tafi ba. Shirun nan shi ya ƙarasa ni. Goggo ta saki salati.

Na ce a ba ni wayata in nuna musu kowa ya huta. Na danna wasan. Sai ga saƙo wai sai na sauke sabon sabuntawa, gigabait masu yawa, ni kuwa ko data ta gaisuwa ba ni da ita. Muka zuba wa allo ido mu biyar, ba abin da ya motsa.

"Ka gani ko?" in ji Umma. "Ta ji hayaƙi ta ƙi fitowa."

Malam, Allah ya saka masa, ya gano zancen daga baya, har na ga yana danne dariya cikin rawani. Amma ya ce tunda an riga an kawo rubutu, kuma abin na hana ni asuba a kan lokaci, in shanye. Na shanye. Umma ta kulle wayar a cikin kwabarta, tare da kwanukan da ba a taɓawa sai an yi baƙi.

Da na raka su soro, ɗalibin ya bari Malam ya yi gaba, ya matso kusa da kunnena.

"Yaya, ka zalunci Paimon fa. Kaeya, jarumin nan na birnin Mondstadt, za ka sa wa ido. Ɗan Khaenri'ah ne, wato daga wata ƙasa daban ya fito, ubansa da gangan ya ajiye shi a Mondstadt." Ya waiga ya ga Malam bai juyo ba. "In an ba ka wayar, turo min lambarka ta wasan. Akwai dodon da ya gagare ni."