Yasiel Puig da Ƙofar da Washington Ta Sake Rufewa

Ranar Lahadi 7 ga Afrilun 2019 hatsaniya ta ɓarke a filin wasa na Pittsburgh, inda Yasiel Puig, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Cincinnati Reds, ya yi kukan kura cikin abokan hamayya har aka kore shi, daga baya kuma aka dakatar da shi wasanni 2. Hoton ya karaɗe ko'ina, masu sharhi suka sake ɗauko tsohuwar waƙarsu cewa wannan ɗan Kuba ba ya jin magana. Washegari gwamnatin Donald Trump ta soke yarjejeniyar da hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ta ƙulla da Hukumar Besbol ta Kuba a watan Disambar 2018 don 'yan wasan Kuba su iya shiga gasar ba tare da sun tsere daga ƙasarsu ba, kuma wannan labari bai samu ko rabin surutun da faɗan ya samu ba. Abin da ya ɓata mini rai ke nan, domin in akwai mutumin da rayuwarsa ta isa ta nuna muhimmancin yarjejeniyar, to Puig ne.

Hujjar fadar White House ita ce hukumar wasan ta Kuba reshe ce ta gwamnati, don haka duk kuɗin da aka biya ta ya saɓa wa takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa tsibirin tun 1962. John Bolton, mai ba Trump shawara kan tsaron ƙasa a lokacin, ya ƙara da cewa gwamnatin Kuba da ke Havana na son mai da 'yan wasa hajar ciniki, kuma bai kamata wasan ya zama hanyar tallafa wa gwamnatin da ke mara wa Nicolás Maduro na Venezuela baya ba. Marco Rubio, sanatan jihar Florida a lokacin, tun ranar farko ya sha alwashin rusa ta. Mafi ɗaure kai shi ne yadda jami'an gwamnati suka kwatanta yarjejeniyar kanta da safarar mutane, alhali ainihin safarar mutanen tana nan a rubuce cikin takardun kotunan Florida, da sunayen masu yi da yawan kuɗin da suka karɓa.

An haifi Puig a Cienfuegos a 1990, ya buga wa ƙungiyar lardinsa a gasar cikin gida, inda rahotanni suka ce albashinsa bai wuce dala 17 a wata ba. Ya sha yunƙurin tserewa ana kama shi, har akwai karon da jirgin masu gadin gaɓar tekun Amurka ya tare su aka mayar da shi gida. A 2012 ya samu fita cikin kwalekwale mai gudu, tare da wani ɗan dambe da wata budurwa da wani bokan addinin Santeria, zuwa tsibirin Isla Mujeres na ƙasar Meziko. Kamar yadda mujallar Los Angeles ta bankaɗo a 2014, wani mutum a Miami ne ya yi alkawarin biyan masu fasa-ƙwaurin dala 250,000, shi kuma Puig ya riƙa ba shi kashi 20 cikin 100 na duk abin da zai samu nan gaba. Da kuɗin suka ƙi fitowa, sai masu fasa-ƙwaurin, waɗanda ke da alaƙa da gungun masu safarar miyagun ƙwayoyi na Los Zetas, suka tsare su a ɗakin wani ƙaramin otal na tsawon makonni, suna ƙara farashi, suna barazanar sare masa yatsa ko hannu da adda. A yi tunanin saurayi ɗan shekara 21 da duk arzikinsa yake a damtsensa na dama, yana zaune a bakin gado yana jin ana cinikin wannan damtsen ta waya. Sai da wata tawaga ta daban ta sace shi daga hannun waɗanda suka tsare shi, bayan 'yan watanni kuma aka tsinci gawar ɗaya daga cikin masu fasa-ƙwaurin na farko a Cancun da raunukan harsashi.

Tambayar da masu goyon bayan sokewar ba sa son a yi ita ce, me ya kai shi Meziko, ga Florida nan kusa da hanci? Amsar tana cikin dokokin Amurka da na MLB. Takunkumi ya hana ƙungiya ta ɗauki ɗan wasan da ke zaune a Kuba. Idan ya sauka kai tsaye a Amurka, sai ya faɗa cikin tsarin rabon sabbin 'yan wasa, inda ƙungiya guda ce za ta zaɓe shi ta kuma ba shi abin da tsarin ya ƙayyade. Idan kuwa ya samu takardar zama a wata ƙasa ta uku, kamar Meziko ko Haiti ko Jamhuriyar Dominika, to ya zama mai cin gashin kansa, ƙungiyoyi su yi ta rige-rigen taya shi. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu miliyoyin daloli ce, kuma a cikin wannan tazara masu fasa-ƙwauri suka kafa kasuwarsu. Mai karatun da ya san yadda rufe ƙofar biza ya azurta masu jigilar mutane ta Agadas zuwa Libiya ba ya bukatar dogon bayani.

A Yunin 2012 Los Angeles Dodgers ta ɗauke shi kan dala miliyan 42 na shekara 7. Ranar 3 ga Yunin 2013 ya fara bugawa, yana tsaron ɓangaren dama na ƙarshen fili, kuma shi ya rufe wasan da San Diego: ya cafe ƙwallo dab da katanga, ya juya ya wurgo ta kamar kibiya zuwa zango na farko kafin mai gudu ya koma. A wannan wata kaɗai ya yi bugu mai kyau 44, adadin da shahararren ɗan wasa Joe DiMaggio ne kawai ya zarce a watansa na farko, a 1936. Mai sharhin wasannin Dodgers, Vin Scully, ya laƙaba masa sunan dokin daji. Ya shiga wasan zaratan 'yan wasa a 2014, aka mayar da shi ƙaramar gasa a 2016 saboda raguwar ƙwazo da saɓani da shugabanni, ya dawo ya buga wasan ƙarshe na cin kofi a 2017 da 2018. Ba na wanke shi daga makara da taurin kai da tuƙin ganganci. Amma ina ganin rashin adalci ne a auna halin mutum a manta cewa ya shiga fili ana bin sa bashin ransa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. An tsare Leonys Martín da iyalinsa a Meziko kafin ya sa hannu da Texas Rangers. José Abreu ya shaida wa kotu a 2017 cewa ya tauna wani ɓangare na fasfon bogi na Haiti ya haɗiye a cikin jirgin sama don ya ɓatar da shaida, a shari'ar da ta kai dillalin 'yan wasa Bartolo Hernandez gidan yari. José Fernández, wanda ya doke Puig a zaɓen gwarzon sabon ɗan wasa na 2013, ya ɗanɗana kurkuku yana yaro saboda yunƙurin tserewa, kuma sai da ya faɗa teku ya ceto mahaifiyarsa. Waɗannan su ne suka yi nasara har muka san sunayensu, sauran da suka maƙale a Haiti da Santo Domingo ba kwantiragi ba hanyar komawa gida, babu mai ƙirga su.

Yarjejeniyar da aka kashe ta tanadi cewa ɗan wasa mai shekara 25 da ya yi shekara 6 a gasar Kuba zai iya sa hannu daga gida, ya tafi da biza, ya dawo hutu wurin iyayensa, ƙungiyar da ta ɗauke shi kuma ta biya kuɗin saki na kashi 15 zuwa 20 cikin 100 daga aljihunta, kwatankwacin abin da ake biyan ƙungiyoyin Japan. Kwanaki kaɗan kafin sokewar Kuba ta fitar da sunayen matasa 34 da ta amince a nema. Shaidar cewa irin wannan hanya tana aiki kuwa ita ce Alfredo Despaigne, shi ma mai tsaron ƙarshen fili, wanda ya tafi Japan da izini a 2014, ya fi kowa fitar da ƙwallo waje da fili a rukuninsa a 2017, kuma bai taɓa hawa kwalekwalen dare ba.

Masu cewa Havana za ta ci riba gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Gwamnatin da ta haramta wasan ƙwararru da ake biya kuɗi tun 1961, ta kira masu tafiya maciya amana, ta hana su dawowa na shekara 8, ita ce ta fara gina ramin, kuma ban ga dalilin yi mata kara ba. Sai dai kason da aka hana ta ba ya komawa aljihun ɗan wasa, yana tafiya ne ga mai jirgin ruwa da mai otal da mai bindiga, kuma ya fi nata yawa. Duk wanda ya ce ya fi son hakan saboda kare haƙƙin ɗan Adam, to siyasar kudancin Florida, matattarar 'yan Kuba masu adawa da gwamnatin Havana, yake karewa, ya kamata ya fito ya faɗi haka.

Idan damuwar ita ce inda kuɗin za su shiga, ai ana iya ajiye su a wani asusu da za a sa wa ido, a kashe su kan filaye da horar da yara. MLB ma, wadda ta shafe shekaru tana kau da kai daga yadda 'yan wasan ke isowa, tana da ikon gyara dokar zama a ƙasa ta uku ba tare da jiran izinin kowa ba. A 2019, da ba a yi ko ɗaya daga cikin biyun ba, matasan nan 34 da aka karanta sunayensu a Havana sun koma inda Puig yake a 2012, kuma masu jiragen dare sun riga sun san lardin da kowannensu yake.